Abin da antibirus ke gani a kilen mai gyara

Wata Asabar gab da azahar wata mata ta shigo shagonmu na gyaran kwamfuta da ke bayan Babbar Kasuwar Yamai, riƙe da kwamfuta naɗe cikin sallaya. Ta mijinta ce. Ya rasu wata biyar da suka wuce, fitarta takaba ke nan. A ciki akwai hotunan takardun fili, da lissafin bashin da yake bin mutane, da hotunan yara tun suna goye. Kalmar sirrin kuwa ba wanda ya gaya wa.

Ƙanena da ke koyon aiki a hannuna ya ɗauko kilen USB ɗin da muke tara kayan aiki, ya soka a kwamfutar shago don ya kwashi abin da za mu buƙata. Bai gama dubawa ba sai saƙo ya faɗo a kusurwar allo: "Menaces détectées", wato an gano barazana. Microsoft Defender, antibirus ɗin da ke zuwa da Windows, ya kama fayil huɗu ya kulle. Matar ta yi lakwal, ta karanta da idonta.

"Ɗana, ba dai cuta za ku sa wa kayan marigayi ba?"

"A'a Hajiya, ƙarya yake yi, kullum haka yake," in ji yaron, hannunsa ya riga ya nufi wurin kashe antibirus ɗin.

Na riƙe masa hannu. Tsoron Hajiya yana da dalili ko da bai faɗa daidai ba, amma amsar ƙanena ta fi damuna, domin ita ce amsar da za ka ji a kusan kowane shago daga Katako zuwa Wadata, ita ce kuma ni kaina na daɗe ina bayarwa. Antibirus bai yi ƙarya ba. Ya faɗi wani abu ne takamaimai, mu ne ba mu tsaya mun karanta ba.

Sai an fara sanin yadda kwamfuta ke riƙe kalmar sirri kafin a gane rigimar. Windows ba ta ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Tana niƙa ta ne da wani lissafi, ta ajiye garin, abin da masu sana'ar ke kira hash. Gari ba ya komawa tsaba. Amma duk ranar da aka zuba irin wannan tsabar a injin, irin wannan garin ne zai fito, ba ragi ba ƙari. Idan ka zo shiga, sai ta niƙa abin da ka rubuta ta gwada da wanda ke ajiye. In sun yi daidai ta buɗe maka. Manhajojin da ake cewa suna fasa kalmar sirri, irin su John the Ripper da wani Barashe mai suna Alexander Peslyak ya fito da ita a 1996, ko Hashcat ta Jens Steube da aka buɗe wa kowa asalin rubutunta a ƙarshen 2015, ba su fasa komai a zahiri. Cinke suke yi. Su ɗauko kalma su niƙa, su gwada, su jefar, su ɗauko wata, har su dace. Ƙarfinsu duka a sauri yake. Katin hoto guda na zamani, irin wanda samari ke nema don wasa, yana gwada kalma fiye da biliyan 100 a daƙiƙa ɗaya a kan irin niƙan da Windows ke yi. Kalma mai ƙananan haruffa takwas, duk iyakar yadda za a jujjuya su bai kai biliyan 209 ba. Lambar waya ta Nijar kuwa, da yawancinmu muke sawa don kar mu manta, alƙaluma takwas ce, wato miliyan 100 kacal. Kuma ba da ka suke cinken ba: tun da aka sace bayanan kamfanin RockYou a 2009, aka samu kalmomin sirrin mutum miliyan 32 a fili ba niƙa, jerin kalmomi kusan miliyan 14 da aka tace daga ciki ya zama abin da kowa ke fara gwadawa.

Wasu manhajojin kuma ba su cinke, tonowa suke yi. Kalmar wifi da ka taɓa sawa, da wadda Chrome ya tambaye ka ko ya riƙe maka ka ce to, da ta akwatin imel, duk suna nan cikin kwamfutar, domin dole ta iya ɗauko su ta yi maka aiki da su. Ƙananan manhajojin Nir Sofer, mai shafin NirSoft, irin su WirelessKeyView da WebBrowserPassView, aikinsu su jero maka waɗannan a allo. Duk mai gyaran da ya taɓa shirin yi wa kwamfutar wani ɗan kasuwa fomate ya san darajarsu: in ba ka kwashe masa kalmominsa kafin ka goge ba, gobe zai dawo ya tsaya maka a ka, ya ce ka ɓatar masa da Facebook. Sai kuma masu share kalmar gaba ɗaya a sa sabuwa, irin su chntpw, waɗanda ake tayar da kwamfuta da su daga kile tun Windows ba ta farka ba.

To yanzu ka tsaya a inda antibirus yake tsaye. Ba ya ganin Hajiya, ba ya ganin sallayar, bai san an yi rasuwa ba. Abin da yake gani fayil ne da abin da fayil ɗin ke shirin aikatawa. Yana gwada shi da kundin miyagun da aka riga aka sani, yana duba ƙirar rubutunsa ko ta yi kama da ta miyagu, yana lura da inda yake kai hannu bayan an kunna shi, yana kuma tambayar rumbun kamfaninsa ta intanet ko mutane nawa a duniya suka taɓa kunna wannan fayil ɗin lafiya. Manhajar da ta je ta buɗe inda Chrome ke ɓoye kalmomi ta kwance su, wannan shi ne ainihin motsin manhajar ɓarayi mai satar kalmomi. Ba kama suka yi ba, aiki ɗaya ne. Bambancin yana wurin wanda ya danna da kuma inda za a kai abin da aka tono, ko allon mai kaya ko wata na'ura a wata ƙasa. Niyya ba ta rubuce a cikin fayil.

Abin ma ya wuce kama. Ɓarayin intanet sun gane cewa ba sai sun wahala sun rubuta nasu ba tunda ga na banza mai aiki da kyau. A 2018 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi bayani kan Emotet, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi ɓarna a lokacin, ta nuna cewa yana tafe da manhajojin NirSoft a cikinsa, yana sauke su a kwamfutar da ya shiga su tono masa kalmomi. Nir Sofer bai rubuta su don haka ba, kuma ya daɗe yana kokawa kan yadda kamfanonin antibirus ke yi wa aikinsa kuɗin goro da na miyagu, mutane suna rubuto masa suna zarginsa da raba cuta. Ina jin zafinsa. Amma ka ɗauka kai ne mai kula da kwamfutocin wani banki a Filato, ka wayi gari ka ga WebBrowserPassView a kwamfutar mai karɓar kuɗi, alhali ba kai ka sa ba. Za ka so a ce antibirus ya yi shiru?

Labarin Mimikatz ya fi kowanne fito da wannan kan-kan-kan. Benjamin Delpy, Bafaranshe, ya gano cewa Windows tana riƙe kalmar sirrin duk wanda ya shiga a cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, a yanayin da mai ikon shugaba a na'urar zai iya karanta ta ƙarara. Ya sanar da Microsoft, ba a ɗauki maganar da nauyi ba, sai ya saki manhajar a 2011 don kowa ya gani da idonsa. Ta yi aikin da ya so: daga Windows 8.1 a 2013 aka rufe wannan ƙofar tun daga kamfani. Amma a ranar 27 ga Yunin 2017 cutar NotPetya ta ɓarke daga Ukraine, tana amfani da dabarar Mimikatz tana tsince kalmomin manyan ma'aikata tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda kwantenoninsa kowa ke gani a kan tirela a hanyar Dosso, ya ce asararsa shi kaɗai ta kai dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300. Manhaja ɗaya ce ta tilasta aka toshe ɓaraka, ita ce kuma ɓarayi suka bi da ita ta inda ba a toshe ba. Yau masu gwada tsaron kamfanoni da izini suna aiki da ita, masu garkuwa da bayanai su nemi fansa su ma suna aiki da ita, kuma babu antibirus mai mutunci da zai bar ta ta wuce bai yi magana ba.

Sai dai maganar da yake yi ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne muke yin sake. In ka buɗe tarihin kariya ka karanta sunan da ya ba abin da ya kama, za ka ga Defender yana fara wasu da HackTool, wasu da PUA (manhajar da ƙila ba ka so ta ba), wasu da Trojan. Antibirus ɗin Kaspersky ma ya fi fitowa fili: yakan rubuta not-a-virus a gaban sunan, sannan PSWTool ko RiskTool, ma'ana wannan ba cuta ba ce, kayan aiki ne mai haɗari. HackTool yana ce maka ne: na ga makami a ɗakin nan, naka ne? Trojan kuwa cewa yake: wannan kura ce da fatar akuya, abin da ta ce tana yi daban, abin da take yi daban. Tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Amma a allo launinsu ɗaya, ƙararsu ɗaya, kalmar "menace" ɗaya, kuma sau da yawa ana kulle su ba tare da an tambaye ka ba. Wannan laifin na kamfanonin ne, ban kuma ga abin da zai hana su rubuta wa mutum jimla biyu masu sauƙi da zai gane bambancin ba.

Shi ya sa ban yarda da masu kiran wannan kuskuren ganewa ba. Kuskure na gaske yana faruwa, kuma yana da muni. A Afrilun 2010 antibirus ɗin McAfee ya saki wani sabuntawa da ya ɗauki svchost.exe, wani sashe na jikin Windows XP kanta, a matsayin cuta, kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ofisoshi da asibitoci suka riƙa mutuwa suna tashi. Wannan shi ne kare ya ciji mai gida. Amma in antibirus ya ce wa manhajar tono kalmar sirri "manhajar tono kalmar sirri", gaskiya ya faɗa. Abin da za a yi gardama a kai shi ne ko ya dace ya ƙwace ta.

Doka ma ta yi wannan kai-kawon. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, a sashe na 6, ta nemi a hukunta ƙera ko raba kayan kutse, amma ta ɗaure abin da niyyar aikata laifi, ta kuma keɓe masu gwaji da izini. Da Jamus ta yi tata dokar a 2007, masu binciken tsaro sun tayar da jijiyar wuya cewa za a kama su da kayan sana'arsu, har sai da kotun tsarin mulkin ƙasar ta fayyace a 2009 cewa manhaja mai fuska biyu ba ta zama haram don kawai ana iya ɓarna da ita. A nan gida muna da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019, wadda ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba. Alƙali yana da damar kiran shaidu ya binciki niyya. Antibirus yana da ƙasa da daƙiƙa, ba shi da shaida ko ɗaya.

Mai gyara ne ke da damar yin tambayar da na'ura ba ta iya yi. Ba duk wanda ya shigo da kwamfuta a hammata ya ce ya manta kod ɗinsa ne mai ita ba, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya taɓa ganin wanda bai san ko sunan da ke rubuce a allon shiga ba. Hajiya ba mai kama da haka ba ce, amma fili da bashi maganar gado ce, akwai wasu masu haƙƙi. Na roƙe ta ta dawo Litinin da wani daga dangin marigayi. Ta dawo da ƙaninsa da takardar rasuwa. Mun fara kwafe faifan gaba ɗaya kafin mu taɓa komai. Ban so mu share kalmar mu sa sabuwa ba, ko da shi ne mafi sauri, domin in aka share ta ta ƙarfi, kalmomin da Windows ta kulle da ita, har da na imel ɗin da ke cikin burauza, sun tafi ke nan. Sai muka bi ta cinke, a wata tsohuwar kwamfuta mai Linux maimakon Windows, wadda ba ta haɗe da intanet. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta fito: tsohuwar lambar wayarsa ce. Mun yi sa'a kuma faifan ba a rufe yake da BitLocker ba, wato makullin Windows da ke kulle faifai gaba ɗaya. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna zuwa da shi a kunne, kuma in ba a samu mabuɗinsa mai alƙaluma 48 ba, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kayan, duk waɗannan dabarun ba su kai ka ko'ina.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Yamai ba kasafai mai gyara ke sauko da kayan aikinsa daga shafin wanda ya rubuta su ba. Intanet tsada, kuran yana ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, ga kuma abokin sana'a a shago na gaba da kilensa cike. Sai a kwafa daga kile zuwa kile, daga Katako zuwa Harobanda, ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya ba abokinsa, abokin ya ba mai sibar. Wasu kuma daga rukunin WhatsApp ko Telegram, ko daga mahaɗin da ke ƙarƙashin wani bidiyo, a dunƙule cikin fayil mai kulle da ƴar takarda da ke cewa ka kashe antibirus kafin ka buɗe. Kullen nan ba don kare ka aka sa shi ba, don kada antibirus ya leƙa ciki ne. Ɓarayi sun san mutum biyu ne a duniya ke kashe kariyarsu da hannunsu suna murna: mai neman Office ko Photoshop na banza, da mai neman manhajar fasa kalmar sirri. Ta wannan hanya manhajojin sata irin su RedLine da Lumma suka yaɗu. A Mayun 2025 Microsoft ta ce ta ga Lumma a kwamfutoci fiye da 394,000 cikin wata biyu kawai. Tunda mun saba antibirus yana kuka a kan kayan aikinmu na ƙwarai, sai kunnenmu ya toshe, ranar da ya yi kukan gaske ma muka ce halinsa ne. Kuma mu ne ke koya wa jama'a haka. Duk wanda ya ga mai gyara ya kashe Defender ya ce ƙarya yake yi, ya koma gida da wannan karatun.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Ina sauko da manhaja daga gidan mai ita, Openwall ga John the Ripper, hashcat.net ga Hashcat, ko in ɗauki Kali Linux da ke tafe da yawancinsu tun 2013, ko da zan kwana ina jiran saukewar. In masu ita sun wallafa lambar tantancewa ta SHA-256, ina lissafa ta fayil ɗina in gwada. Harafi ɗaya ya saɓa, ba shi ba ne. Ina ɗora fayil ɗin manhaja a VirusTotal, shafin da Google ta saya a 2012, inda antibirus kusan 70 ke duba shi lokaci guda. Ba yawan jan da ya fito nake ƙirgawa ba, domin Mimikatz na asali ma zai cika allo da ja. Sunayen nake karantawa. In duka suna cewa HackTool da PSWTool da ire-irensu, hankalina ya kwanta. In na ga ana ambaton Stealer ko Backdoor ko sunan wata cuta da ba ta da alaƙa da manhajar, sai in tsaya. (Takardun mutane kuwa ba a ɗora su can, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya sauke shi.) Sannan ba na kashe antibirus gaba ɗaya. Akwai wurin keɓe jaka guda a ce masa ya ƙyale ta, kuma a kwamfutar aiki kaɗai nake yin haka, wadda ba a shiga imel ko asusun kuɗi da ita. A kwamfutar mai kaya ba na barin komai a baya.

Wannan tsarin ban zo da shi daga lakwal ba. Ranar Asabar ɗin nan, bayan Hajiya ta tafi, na zaunar da ƙanena muka buɗe tarihin kariya muka bi fayil huɗun ɗaya bayan ɗaya. Uku HackTool ne, kuma da muka sauko da na asali muka gwada lambobinsu, sun yi daidai. Na huɗun sunansa na wata manhajar tono kalmar wifi ne da muka sani, amma nauyinsa ya ninka na asali sau da yawa, kuma Trojan Defender ya rubuta a gabansa. Na tambayi yaron inda ya samo shi.

"Yaya, wajen wani abokina ne, ya ce wannan ya fi wancan ƙarfi."

"Ka taɓa kunna shi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce sau biyu, a kwamfutar shago, da kuma ta wani mai sayar da kayan gini da ya kawo gyara makon da ya wuce. Duka biyun sai da ya kashe antibirus, yadda ya ga ina yi.

A daren muka goge kwamfutar shago muka sake zuba mata Windows, na canza kalmomin sirrina duka daga waya. Da safe na kira mai kayan ginin na gaya masa abin da ya faru ba tare da na rage komai ba, na ce ya canza na imel ɗinsa da na Facebook da na bankinsa yanzu-yanzu daga wata na'urar, ya kawo kwamfutar mu wanke ta ba ko dala. Ya yi faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Da la'asar ya aiko yaronsa da ita.